Waiwaye a kan Ɗingishin Kaza a Gidan Sori

Ƙasarmu ta Gobir, wadda ta miƙe daga Tsibiri zuwa Gidan Rumji har ta dangana da iyakar Nijeriya, ƙasa ce ta jigawa, in an ɗebe fadamar da Gulbin Maraɗi yake ratsawa da damina. Kuma duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gidan Sori a zamanin da gyaɗa take ci, tun kafin farin 1973 ya karya kasuwarta, zai ba da shaida cewa tsakar gidan talaka da ta mai hali a wancan lokaci shimfiɗarsu ɗaya ce, wato rairayi mai laushi wanda mata suke sharewa da sassafe kafin su ɗora tukunya. A kan rairayin nan yara suke koyon rarrafe, a kansa ake zaman hira da dare, a kansa kuma kaji suke tono tun daga ketowar alfijir har zuwa almuru. Dalilin da ya sa na fara da zancen ƙasa shi ne, akwai wata 'yar lalura da ta yawaita a kajinmu cikin shekarun nan, wadda a da sai mutum ya daɗe bai ga irinta ba, ita ce kumburin tafin ƙafa mai baƙin ɓawo a tsakiyarsa. Kuma iyakar nazarin da na yi mata, na tarar ba a fahimtarta sosai sai an duba abin da ya sami ƙasar da kaza take takawa, da abin da ya sami jikin kazar, da kuma halin da masu ita suka shiga.

Kazar da muka tashi muka tarar a gidajenmu 'yar ƙarama ce, mara nauyi, wadda da ƙyar take wuce kilo guda, in ta yi ƙiba ƙwarai ta kai ɗaya da rabi. Takan yi ƙwai goma ko goma sha biyar, ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta har su rabu da ita, sa'an nan ta sake wani zubin, sau uku ko huɗu a shekara. Ba a yi mata awon abinci. Abin da ya zuba a gindin turmi da wurin shiƙa, da 'yar dusar gero, da garar da yara suke haƙo wa 'yan tsaki, da fara da ƙwari da ɗanyen haki na bayan danga, su ne arzikin da Allah ya yanka mata. Da magariba ko dai ta shige ƙarƙashin rumbu, ko ta shiga akurkin laka, ko kuwa ta tashi ta hau reshen dogon yaro ta kwana. Da safe ta diro, kuma da yake jikinta ba shi da nauyi, fukafukanta suna tallafarta, abin da take sauka a kai kuwa rairayi ne, to, tafin ƙafarta ba ya jin komai. Ƙaya dai akwai ta, ba a taɓa rabuwa da ita ba a ƙasar nan: ga ƙarangiya da kaka, ga tsidau a bakin hanya, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ake shinge da su. Amma ƙafar da ta saba da busasshiyar ƙasa tana da tauri, raunin da aka samu a busasshen wuri kuma, rana tana dukansa, galibi yakan kame da kansa.

In kuwa aka ga kaza tana ɗingishi, hukuncin ba shi da tsawo. Dattawan wancan zamani ba su rabuwa da matsefata, a rataye a wuya ko a cikin aljihun taguwa, saboda ƙayar da take shiga ƙafar manomi. Sai kaka ta sa yaro ya kamo kazar, a miƙa wa maigida ya duba, in ƙaya ce ya zare ta, a shafa ɗan man shanu ko toka, a sake ta ta koma tononta. In kumburi ne ya ƙi sacewa bayan 'yan kwanaki, sai a jira zuwan baƙo ko ranar Juma'a a yanka. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma ni ban ɗauki wannan a kan rashin imani ba, domin hisabi ne na mutanen da suke da shanu a garke, da tumaki a turke, da gyaɗa a buhu, waɗanda kaza guda ba ta kai su ɓata mata yini ba. Wanzami yana yi wa mutum sakiya in maruru ya nuna, Bafillace yana yi wa saniya lalas, amma ban taɓa jin an kira ɗayansu domin kaza ba. Abin da ake tsoro a kan kaji shirwa ce da muzuru, sa'an nan uwa uba annobar nan ta hunturu, wadda take shigowa gari ta share akurki cikin mako guda, kaji suna zawo, wuyansu yana murɗewa, wadda masana suka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jaba da kuma garin Niyukasil na Ingila, har sunan garin ya bi ta. A gaban musiba irin wannan, ɗingishin kaza ɗaya ƙaramin abu ne, ba wanda yake kwana da shi a rai.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Farin 1973 da 1974 ya tafi da shanu masu yawa. Na 1984, wanda mutanenmu suke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a mulkin Buhari, ya ƙarasa mafi yawan abin da ya saura a hannun talaka. Yunwar 2005 kuma ta sake nuna wa jihar Maraɗi cewa gidan da ba shi da abin kai wa kasuwa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, yana cikin hatsari babba. Sa'an nan daga 2019 rashin zaman lafiya na jihohin Sakkwato da Zamfara ya koro dubban 'yan gudun hijira zuwa garuruwan gundumar Gidan Rumji, har da namu, satar shanu kuma ta ƙetaro iyaka, sai ya zamana mai bijimi biyu ba ya barci da ido biyu rufe, alhali kaza ba ta jawo ɗan bindiga zuwa gida. Ta haka, sannu a hankali, kaza ta tashi daga abin yanka wa baƙo ta koma asusun mata, abin da ake sayen maganin yaro da shi, da littafin lakkol, da sabulu, da tiyar gero ranar da rumbu ya yi ƙasa.

Da darajarta ta ƙaru, sai aka so jikinta ma ya ƙaru. Ma'aikatar kiwo da ƙungiyoyin taimako sun sha raba zakarun Turai domin gyaran iri, 'yan kasuwa kuma suka riƙa shigo da 'yan tsaki a kwali daga Nijeriya, masu ƙwai da masu nama da waɗanda ake kira maja. Kazar ƙwai ta gidan gona tana iya yin ƙwai fiye da 250 a shekara, inda tamu ba ta cika wuce 50 ba. Ta nama kuwa tana kai kilo 2 cikin mako shida, nauyin da tamu ba ta kaiwa har ta tsufa. Wannan alheri ne, ba na musunsa, kuma na ga gidajen da ya rufa wa asiri. Sai dai nauyin da aka ƙara wa jiki ba a ƙara wa ƙafa ƙarfin ɗaukarsa ba. Da yake irin waɗannan kaji kuɗi aka sa aka saye su, ba a yarda a sake su su yi yawo. Gonaki ma sun matso har bakin danga, maƙwabci ba ya haƙuri da kaza lokacin shuka. Murar tsuntsaye da ta bayyana a Magarya a farkon 2006, 'yan makonni bayan an gan ta a jihar Kaduna, ta ƙara wa malaman dabbobi hujjar cewa a killace kaji. Sai aka gina akurkin zamani, mai daɓen siminti mai kaushi, da rufin kwano, da ragar waya a gaba, da sandar kwana wadda sau da yawa guntun ƙarfen gini ce ko katako mai sartse, an kafa ta sama har daidai ƙirjin mutum saboda tsoron muzuru. Waɗanda aka bari suna yawo ma ba su tsira ba, domin bolar da suke tono a cikinta ta sauya. A da toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki, abubuwan da ake kwashewa a kai gona. Yanzu akwai fasasshiyar kwalba, da murfin gwangwanin tumatir, da ƙusa, da guntun waya, da zaren buhun roba wanda yake naɗe yatsan kaza yana matse shi har ya yanke.

Yadda lalurar take samuwa ba shi da wuyar ganewa. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira sitafilokokus, wadda ido ba ya gani, tana zaune a fatar mutum da ta dabba da cikin ƙurar akurki, ba ta yin wata ɓarna muddin fata tana rufe. Ita ce take haddasa maruru da ƙuraje masu mugunya a jikin ɗan Adam, kuma wani likitan fiɗa na ƙasar Sikotland, Alexander Ogston, shi ne ya bayyana ta a cikin mugunyar marasa lafiyarsa wajen 1880. Zakara mai kilo uku, in ya riƙa dirowa daga sanda mai tsawo yana sauka kan siminti kowace safiya, ko ya yini tsaye a kan danshin kashinsa, wanda yake jiƙa fata yana cin ta, to, tsokar nan mai taushi da take tsakiyar tafin ƙafa sai ta dauje ko ta tsage, ƙwayar ta sami ƙofar shiga. Da fari ɗan ja ne da santsi kawai ake gani a wurin. Daga baya baƙin ɗigo ya fito ya zama ɓawo, ƙafar ta kumbura ta yi zafi, wani lokaci kumburin ya ɓullo ta sama tsakanin yatsu. Abin da ya bambanta tsuntsu da mutum a nan, wanda kuma shi ne ginshiƙin jinyar duka, shi ne mugunyar tsuntsu ba ta zama ruwa. Allah ya halicci jininsa ta yadda ƙwayoyin da suke yaƙar cuta ba su narkar da abin da suka kashe, saboda haka sai mugunyar ta dunƙule ta daskare kamar cuku, jiki kuma ya kewaye ta da tantani. Shi ya sa marurun kaza ba ya nuna ya fashe da kansa yadda na mutum yake yi, shi ya sa kuma maganin da aka zuba a ruwan sha ba ya isa cikinsa sosai, tunda jini ba ya ratsa dunƙulen. Akwai kuma wani sababi da ba a cika lura da shi ba: kazar da aka tsare ana ba ta dusar gero da dawa tsagwaronsu, ba ta samun ɗanyen ganye, takan rasa sinadarin bitamin A wanda yake ƙarfafa fata, alhali tsohuwar kazarmu tana samunsa kyauta a bayan danga.

Na ga yadda ake wannan jinya kurkusa a hannun 'yar ƙanwata, wadda ta koya daga wani mai yawon yi wa kaji riga-kafi, kuma na tsaya na kalla da kyau, domin aikin ya ƙayatar da ni. Wani jan zakara ne na maja, ta lura ya daina bin kaji, yana tsayawa da ƙafa ɗaya, in ya taka ya ɗaga da sauri. Ta ɗora ruwa ya tafasa, ta bar shi ya huce har gwiwar hannunta ta jure shi, ta zuba gishiri a ciki, sa'an nan ta naɗe zakaran da tsohon zane, fukafukai a haɗe, ta ɗan lulluɓe masa kai yadda numfashi ba zai tauye ba. Da duhu ya rufe masa ido sai ya natsu, ya daina fisge-fisge. Ta zaunar da ƙafarsa a cikin ruwan wajen kwatan awa, ta tsane ta, ta shafa magani, ta ɗaure, ta mai da shi kwando. Ba ta taɓa ɓawon ba a ranar, ba ta taɓa shi ba washegari. Na ce mata, "Ɗiyata, ga abu a fili, me ya hana ki tsaga ki huta?" Ta ce, "Kawu, ruwan ɗumi shi ka aiki, reza rakiya ce. In na yanka tun bai yi laushi ba, nama mai rai zan yanka."

Sai da ɓawon ya jiƙu, gefensa ya fara ɗagowa da kansa, sa'an nan ta wanke hannu da sabulu, ta sa safar roba, ta tsamo matsefata da sabuwar reza daga ruwan da ta tafasa su a ciki, ta sa ƙanenta ya riƙe zakaran a kwance bisa cinyarsa, tafin ƙafar yana kallon haske. Ta bi gefen baƙin ɓawon a hankali tana ɗaga shi, rezar ba ta wuce matacciyar fata ba, har ya ɓalle tare da 'yar saiwarsa. Ta sa manyan yatsunta biyu a gefe da gefe ta danna, ba da ƙarfi ba, sai ga dunƙule rawaya mai tauri, girman ƙwayar wake, ya fito, wasu 'yan gutsattsari suka biyo shi. Jini kaɗan ne ya zuba, ta danne shi da auduga har ya tsaya. Ta wanke ramin da tafasasshen ruwan gishiri, ta ɗiga Bétadine, jan maganin miki da ake samu a kantin magani, ta ɗora auduga mai kauri domin ta zama matashi, sa'an nan ta yi ɗaurin, wanda shi ne wurin gwaninta: ƙyallen ya bi tsakanin yatsu, ya gitta ta ƙarƙashin tafi, ya zagayo idon ƙafa, yatsu duka suna waje suna motsi, har da na baya. Bayan an jima ta dawo ta taɓa yatsun, ta ce in suka yi sanyi ko suka kumbura, ɗaurin ya yi tsauri, sai a kwance a sake. Dunƙulen da audugar ta jefa su murhu, ta sake wanke hannu, domin ƙwayar da take cikin ƙafar zakara ita ce take shiga ɗan yankan da yake yatsan mutum. Zakaran ya zauna shi kaɗai a kan busasshen ƙaiƙayi, ana sauya masa ɗauri kullum da fari, daga baya bayan kwana bibbiyu, ana ba shi yankakken ganyen zogale cikin dusa, har ramin ya ciko daga ciki bayan 'yan makonni. Da na tambaye ta ko zakara guda ya cancanci wannan ɗawainiya, amsarta gajeriya ce: "Kawu, in na yanka shi yau, miyar dare guda ce, in ya tashi, shi ne uban kajina har baɗi."

Abin da ya fi faranta mini rai a wannan aiki shi ne, in an duba da idon basira, babu baƙon abu a cikinsa sai ƙalilan. Gasa kumburi da ruwan ɗumi, da jiran miki ya yi laushi kafin a taɓa shi, da sanin iyakar inda aska take tsayawa, ilmi ne da wanzamai da ungozomomi suka daɗe da shi a ƙasar Hausa. Abin da zamani ya ƙara shi ne tafasa ƙarfe kafin ya shiga jiki, da wanke hannu gaba da baya, da maganin kashe ƙwayar cuta, da sanin cewa akwai dunƙule a ciki wanda in bai fito ba kumburin zai dawo. Haɗuwar waɗannan biyu a hannun yarinyar da ba ta wuce ajin farko-farko na lakkol ba, ita ce a ganina ni'imar da ta zo tare da lalurar, kuma ya kamata a faɗe ta yadda ake faɗin aibin zamani.

Amma ba kowane hannu ne yake da wannan haƙuri ba, kuma a nan ne zuciyata take ɓaci. Na ga an zuba wa kaza kalanzir a miki, na ga an shafa mata baƙin man inji, na ji labarin masu ɗiga ruwan batir, da masu ɗora jan ƙarfe a kan tafin ƙafa da sunan lalas. Waɗannan duka ƙuna ce a kan ciwo, suna kashe naman da zai ciko, dunƙulen kuwa yana nan daram a ƙasa. Wanda ya fi waɗannan yaɗuwa, ya kuma fi su nisan sharri, shi ne kafson nan ja da rawaya na masu tallar magani a kan faranti da bayan keke, wanda ake fasawa a zuba a ruwan kaji ga kowace irin cuta, ba awo, ba ƙidayar kwana, yau a ba su gobe a manta. Akwai abin lura a tarihin wannan al'amari: a kan ita wannan ƙwaya ta sitafilokokus ce Alexander Fleming ya ga aikin fenisilin a ɗakin bincikensa na Landan a 1928, kuma shi da kansa, lokacin da aka ba shi lambar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, ba a daɗe ba kuwa, a 1961, aka ba da labarin wani irinta a Ingila wanda ya gagari sabon maganin da aka yi dominta. To, abin da muke yi a akurki da kafson talla shi ne ainihin abin da aka yi gargaɗi a kansa, kuma ƙwayar da ta koyi jure magani a ƙafar kaza ba ta san iyaka tsakanin akurki da ɗakin yara ba. Bugu da ƙari, maganin yana sauka a ƙwai da nama na wasu kwanaki, ƙwan nan kuwa shi ake dafa wa mai jego da yaron da aka yaye. Maganin sha ko na allura yana da muhallinsa, wato in kumburi ya fara hawa ƙafa ko jikin kaza ya yi zafi ta daina ci, amma malamin dabbobi ne zai zaɓe shi, ya faɗi awonsa, ya faɗi kuma kwana nawa za a ƙaurace wa ƙwai da nama.

Ita wannan lalura ba a yi mata allurar riga-kafi yadda ake yi wa annobar hunturu. Tsarinta yana hannun magini da mai shara. A sauke sandar kwana ta dawo kamu guda daga ƙasa, a zaɓi icce mai kauri mai santsi wanda yatsu za su kama ba tare da sartse ba, a bar tsaron muzuru ga ƙofa mai kyau. Wanda ya riga ya yi daɓen siminti ba sai ya fasa ba, ya zuba rairayi ko ƙaiƙayi mai kauri a kai, ya riƙa kwashewa in ya jiƙe, takin ma gona tana so. A ɗora mazubin ruwa inda ba zai malala ba, a naɗe bakin waya, a tsince kwalba da ƙusa daga wurin tono, a rataya wa tsararrun kaji damin zogale ko rama ko yakuwa. Sa'an nan akwai aiki ɗaya wanda ba ya cin ko dala, shi ne a riƙa juya manyan kaji ana duba tafin ƙafarsu lokaci-lokaci, musamman zakaru, domin ɗigon da aka gani tun yana ja, gashi da ɗauri kawai yake bukata, ba ya kaiwa ga reza. Da masu yawon riga-kafi za su ɗauki wannan ɗabi'a, duk kazar da suka kama su duba ƙafarta a gaban mai ita, da cikin shekara kaɗan kowace mace a karkarar nan ta san abin.

Wasu daga cikin tsararrakina suna ganin ɗaure wa kaza ƙafa wani sabon salo ne na masu kwaikwayon Nasara. Ni kuwa abin da na karanta a gaban malamanmu ya nuna mini akasin haka, domin a cikin hadisai ingantattu an ba da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A cikin Arba'una ta Imamu Nawawi kuma akwai hadisin da ya wajabta ihsani a kan kowane abu, har a wajen yanka. Fahimtata ita ce, iyayenmu da suka saki kaza ta nemi abincinta, ta zaɓi makwancinta, nauyin da yake kansu game da ita kaɗan ne. Mu kuwa da muka tsare ta, muka zaɓa mata daɓen da za ta taka da sandar da za ta kwana, muka ƙara mata nauyin jiki domin ribarmu, mun ɗauki amanar da ba su ɗauka ba, kuma raunin da ya same ta ta dalilin gininmu hakki ne a wuyanmu mu yi jinyarsa.

Sai dai jinya ma tana da haddi, kuma tsayawa a kan haddin yana cikin tausayi. In kumburi ya wuce tafi ya kama gaɓa, ƙafar ta sandare ko ta karkace, ko aka fitar da dunƙule sau biyu ya sake taruwa, ko ƙafa biyu suka kamu har kaza ta koma jan ƙirji ta kasa isa wurin ruwa, to, cutar ta kai ga jijiya ko ƙashi, kuma wannan ya fi ƙarfin matsefata da ruwan gishiri. Tona ramin da ƙarfi a wannan hali azaba ce kawai ake ƙara mata. In akwai malamin dabbobi kusa, a kai masa ya yanke shawara. In babu, hukuncin kakanninmu yana nan bai tsufa ba: a wasa wuƙa sosai nesa da idonta, a fuskantar da ita alƙibla, a ambaci sunan Allah, a gaggauta. A yanke ƙafar da ta kamu a binne ko a ƙone, kada a ba yara ita yadda aka saba, a dafa sauran naman ya nuna sarai. In kuwa an riga an ba ta maganin sha, sai a ƙidaya kwanakin da malami ya faɗa kafin a yanka. Wadda cuta ta riga ta game jikinta, ta rame, ƙoronta ya yi baƙi, hantarta ta sauya kama, ita ba a ci, a haƙa rami mai zurfi a rufe ta inda karnuka ba za su tono ba.